Babur Ɗaya Tsakanin Bompai da Challawa

Shekarar da muka sayi babur, ina aiki a wani kamfanin saƙa buhu a Bompai, ina kuma zaune a gidan haya a Dorayi da matata da 'ya'yanmu biyu. Wanda ya san Kano ya san daga Dorayi zuwa Bompai sai ka ratsa gari kaf. Kullum sai na sauya a-daidaita-sahu a hanya, ran da aka tashi da ruwa kuwa sai dai in tsaya bakin titi ina ɗaga hannu suna wuce ni a cike. Kafin wata ya raba, kuɗin mota ya fara cin na cefane.

A ɗakin da ke kusa da zaure akwai wani mutumin Damagaram, daga Nijar, wanda ya riga mu shiga gidan. Ya ɗan girme ni. Dogo ne, mai sanyin murya, ba ya shiga sabgar kowa. Iyalinsa suna can ƙauyensu, shi kuma yana aikin dare a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Ni Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena, yarana suna kiransa Kawu. Da gaisuwar masallaci muka fara. Daga baya matata ta riƙa aika masa da tuwo idan ta tuƙa da yawa, shi kuma idan ya je ganin gida ya dawo mana da cuku da dabino.

Wata safiya muka yi kiciɓis a bakin titi, ni zan fita, shi ya sauko daga mota idanunsa jawur saboda rashin barci. Muka gaisa, sai ya ce, "Ƙanena, lokacin da kake fita nake dawowa, lokacin da kake dawowa nake fita. Da muna da moto ɗaya, ai ya ishe mu." Moto yake cewa, irin maganar mutanensu, ban taɓa jin ya ce babur ba.

Na yi dariya na wuce, amma maganar ta bi ni har wurin aiki. Da na dawo na gaya wa matata, ina zaton za ta ce tarayya rigima ce. Sai ta ci gaba da tsince shinkafa, ta ce, "In da wani ne da na ce a'a. Amma Kawu ba zai cuce ka ba. Kwasar adashina ta kusa, ka haɗa da abin da ke hannunka." Shi ma Malam yana da ɗan abin da yake tarawa. Haka muka haɗa, muka je wani babban shagon dillalin babura a bakin titin Sharada, muka fito da sabo fil, baƙi, da ledarsa a jikin sirdi. Kafin mu tafi, mai shagon ya yi mana bayanin garanti: muddin muna kawo shi sabis wurinsu a kan lokaci, duk abin da ya lalace a injin cikin wa'adin nan su za su gyara. In kuwa wani bakanike ya taɓa shi, sun fita.

Zamanmu da babur ɗin ya daidaita kamar dama can haka muke. Bayan gari ya waye zan ji ƙararsa ya tsaya a ƙofar gida, Malam ya shigo ya miƙo mini mukulli. In na hau, sirdin yana nan da ɗuminsa, hannun babur ɗin kuma da ɗan warin majema, wanda da farko ya dame ni, daga baya na daina jinsa. Da yamma in na dawo sai in same shi a zaure, ya yi alwala, kwanon abincinsa a ɗaure cikin leda, yana jirana. Wani lokaci duk hirarmu ta yini ba ta wuce "akwai mai rabin tanki" ko "birkin baya ya ɗan yi laushi". Amma ban taɓa hawa na tarar da tankin a bushe ba, shi ma bai taɓa ba.

Zuwa sabis kuwa Malam ne ya ɗauke, tunda shi ne yake da rana. Ran da za a kai, ni in koma hawa a-daidaita-sahu, shi kuma daga Challawa ya zarce Sharada bai runtsa ba, ya bi layi, ya zauna a kan benci yana gyangyaɗi har a zo kansa. Gaskiya suna aiki mai kyau. Babur yakan dawo a wanke tas, muryarsa ta yi laushi, giya tana shiga kamar an shafa mata man shanu. Amma kuɗin kan sa in riƙe baki. Kuɗin baƙin mai daban, kuɗin aiki daban, kuma duk abin da suka cire sabo suke mayarwa. Fulogin da za a iya kankarewa ya ƙara wata guda, sai su jefar su sa wani. Ga babur ɗinmu ba ya hutawa dare da rana, saboda haka lokacin sabis yana zagayowa da wuri fiye da na kowa. Ina cije haƙora ina ba da rabona, ina ce wa raina garanti ai ba dawwama zai yi ba.

Ni dai ba bakanike ba ne, amma yini nake a gaban injin saƙa, kuma in ya tsaya mu ne muke fara duba shi kafin a kira injiniya. Sifana ba baƙuwata ba ce. Juyen baƙin mai, ɗaure cen, gyara birki, wanke fulogi, duk na san ba su fi ƙarfina ba. Saboda haka ranar da wa'adin garanti ya cika, na tari Malam a zaure da murnata.

Na ce, "Malam, mun fita daga hannun mutanen Sharada. Daga yau a ƙofar gidan nan za mu riƙa yin sabis ɗinmu duk ranar Lahadi. Baƙin mai kawai za mu saya da ɗan giris. Kai ma ka huta da zaman benci."

Ina jiran ya ce madalla, sai ya sunkuyar da kai yana murza mukulli. Ya ce, "Ƙanena, a bar shi inda ya saba. Su suka san shi."

"Me za su sani a juyen mai wanda ban sani ba? Noti ɗaya ne a ƙasa, a kwance, a tsiyaye, a ɗaure."

"Na sani. Amma a bar shi dai."

Na shiga yi masa lissafi, abin da muke kashewa a can da abin da za mu kashe a gida, har da kuɗin motar da nake biya ran da babur ya yini a shago. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "In kuɗin ne ya yi maka nauyi, ni zan riƙa biyan na aikin. Kai ka ba da rabin na mai kawai."

Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai. Na ɗauka abu biyu yake nufi: bai yarda da hannuna ba, kuma yana ganina a matsayin wanda ya kasa. Na ce masa ba sadaka na nema ba, na juya na shige ciki. Da lokacin sabis ya yi ya kai Sharada kamar yadda ya saba, na aika masa da rabona cif, ko ficika ban rage ba. Daga nan muka shiga wani irin zama marar daɗi. Ba faɗa, ba gaba, muna gaisawa a masallaci, amma mukulli ya koma rataye a wata ƙusa a zaure. In ya dawo ya rataye ya shige ɗaki, in na dawo in rataye in wuce. Muka yi makonni a haka.

Matata ce ta gaji. Wata ranar Asabar da la'asar ina zaune a tsakar gida ina sake mita a kan kuɗin sabis, tana wanke-wanke, sai ta ɗago ta ce, "Maigida, yaushe rabon da ka kalli hannun Kawu?"

Na ce, "Me ya sami hannunsa?"

"Ni da nake gida nake gani. Da can da hannu yake cin tuwo, yanzu in na aika masa sai ya ce a haɗo da cokali. Wankinsa da yake yi da kansa ya koma bai wa mai wanki. Ran nan ya aiko neman man kaɗanya, na ba shi, bai yi sati ba ya sake aikowa. In yana alwala a bakin rijiya, ka ga yadda yake rintse ido kafin ya sa hannu a ruwa."

Ta ci gaba da ɗauraye kwanukanta, sannan ta ƙara da cewa, "Mutumin da ko ruwan sanyi yana yi masa zafi, kai kana so ya sa hannu a fetur da baƙin mai. Kuma ka san halinsa. Ba zai zauna ya naɗe hannu kana yi wa abin da yake da rabi a ciki wahala ba. Gara ya biya kuɗi."

Sai a lokacin na tuna tun yaushe Malam ya daina miƙo mini hannu sosai in za mu gaisa. Yatsu kawai yake ɗan taɓa mini ya janye, ya kai ƙirji. Ni na ɗauka duk cikin fushin ne.

Na daɗe ina tunanin yadda zan tunkare shi. Na san in na je na ce masa na ji labarin hannunka, kunya za ta sa ya ƙara rufewa. Saboda haka da safiyar Lahadi, ranar da dukanmu ba ma aiki, na tura babur zuwa gindin darbejiyar da ke ƙofar gida, na shimfiɗa tsohon buhu, na jera sifanu da na aro a wurin wani abokin aikina. Sannan na je na ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Na ce, "Malam, taimako nake nema. Cen ya saki, yana dukan murfi. Ba sai an je Sharada don wannan ba. Amma ba zan iya ɗaurewa ni kaɗai ba, sai wani ya hau ya danne mini in ga daidai inda zai tsaya."

Ya fito ya dube ni, ya dubi sifanun. Bai yi musu ba, ya hau ya zauna. Na durƙusa ina aiki, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe da kukan awakin maƙwabta. Da na gama ya sauko, ya tsuguna kusa da ni, ya daɗe yana kallon cen ɗin. Sai ya ce, "Mai ɗakinka ce ta gaya maka ko?"

Na ce, "Ita ce."

Ya yi ɗan murmushi, ya buɗe tafukansa biyu ya ɗora a kan gwiwa. Ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Fatar ta yi fari-fari ta bushe kamar ƙasan tafki da rani, duk gaɓoɓin yatsun sun tsattsage, wasu wuraren har ja kake hangowa a ciki. Ya ce a sashen da ake jiƙa fata yake, inda ake zuba farar ƙasa da magungunan cire gashi. Ana ba su safar hannu ta roba, amma ba ta daɗewa take hujewa, ruwan ya shiga ya kwana a ciki tare da hannun.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"In ce me? In ce ga ni ƙato, ba zan iya riƙe sifana ba? Kai ka yi mako kana gaban inji, ranar hutunka ɗaya kuma ka ƙare ta a durƙushe, ni ina zaune ina kallo kamar mai gida da yaronsa. Ba haka muka yi ba, ƙanena. Tare muka saya."

Na ce masa aikin babur ai ba sifana kaɗai ba ne. Ni ba ni da lokacin zuwa kasuwa, kuma ban iya ciniki ba, kowa ya ga fuskata sai ya ƙara mini kuɗi. Ga jabun baƙin mai ya cika gari, an zuba a galan mai kyau an liƙe, in ba wanda zai natsu ya nemi amintaccen shago ba, sai mu kashe injin da hannunmu. Shi yana da rana, yana da haƙuri. Ya ɗauki saye, in ɗauki ɗauri.

Ya juya maganar, sannan ya ce, "Na yarda, amma da sharaɗi. Mai da cen da birki da fulogi, naka ne. Ran da ciwon ya shiga cikin inji, ba za ka buɗe ba. Sharada za mu kai."

Na ce na yarda. Na miƙa masa hannu, na tuna, na janye. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata da bayan hannunsa.

Lahadin da suka biyo baya suna cikin ranakun da na fi jin daɗi a zamana na Dorayi. Malam ya ɗauki sayayya da gaske. Ya zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa har ya sami wani dattijo mai shago da ya yarda da shi, kuma ba ya sayen komai sai ya juya shi, ya shinshina, ya tambayi daga ina aka kawo. Ya saya mana sifanu namu na kanmu, ɗaya bayan ɗaya, kowane wata guda, muka zuba su a wani tsohon gwangwanin madara babba. Ranar aiki ya fito da ɗan kurfotinsa na gawayi da ƙaramar buta, ya dafa shayi irin nasu mai kauri da kumfa, yana zuba mini a ɗan kofin gilashi, yana kai mini har baki in hannuna ya ɓaci. Shi ke riƙe babur in na kwance taya, shi ke tuna mini abin da ya ji a hanya cikin mako. A nan na san sunayen gonakinsu, na san mahaifinsa ya tsufa ido ya fara yi masa rauni, na san yana da 'ya mace da ya tafi ya bari tana rarrafe, yanzu har tana zuwa ɗiban ruwa.

Ba kullum aikin ke tafiya sumul ba. Akwai ranar da na ɗaure cen ya yi tsauri da yawa, ya dawo daga Challawa yana cewa babur yana kuka kamar akuyar da aka shaƙe, muka sake kwancewa. Akwai ranar da notin juye ya faɗa cikin kwanon tsohon mai, na yi ta lalube har gwiwar hannu yana yi mini dariya. Amma kuɗin da muke kashewa ya ragu sosai, kuma shi ya sami barcinsa na rana.

Abin da ya ragu ɗin matata ta ce kada mu bari ya narke a cefane. Ita ta matsa sai Malam ya je asibiti. Ya ƙi, ya ce man kaɗanya ya isa. Na ce masa kuɗin nan ba nawa ba ne, ba nasa ba ne, na babur ne, kuma babur yana bukatar direbansa na dare. Da ƙyar ya je. Aka ba shi magani na shafawa da na sha, muka sayo masa safar hannu mai kauri mai tsawo har gwiwar hannu. Hannun ya ɗan yi sauƙi, amma likitan ya gaya masa gaskiya: muddin yana cikin ruwan nan, zai riƙa warkewa yana dawowa ne.

A damina ta biyu bayan haka babur ya fara hayaƙi. Da farko kaɗan ne in an tayar da shi da safe, daga baya ya zama shuɗi yana bin mu a baya, ƙarfinsa ya ragu, baƙin mai yana ƙarewa kafin lokaci. Na wanke fulogi, na duba duk abin da na sani, bai daina ba. Raina ya so in buɗe injin. Na ga ana yi a bakin titi, na kuma san abin da za a caje mu a shago ba kaɗan ba ne, ga shi lokacin kuɗin makarantar yara. Na ɗauki sifana na tsaya a kansa. Malam yana gefe, shayinsa kawai yake fifitawa. Na tambayi kaina, in na buɗe, na san abin da zan nema a ciki? Ban sani ba. Na mayar da sifanar cikin gwangwani.

Washegari ya kai shi Sharada. Suka ce ringin cikin inji ne ya cinye, har ya ɗan taɓa fistan, kuma ba laifin kowa ba ne, tafiya ce ta yi masa yawa, babur ɗaya yana aikin biyu. Ya kwana kusan mako a wurinsu. Kuɗin ya girgiza mu duka, sai da na karɓi wani abu daga albashina kafin wata ya ƙare, shi kuma ya rage abin da zai aika gida. A makon nan na koma tsayuwar bakin titi cikin ruwa, na tuna wahalar da na manta. Da aka dawo da shi, Malam ya tayar da shi a ƙofar gida, muka tsaya muna kallon salansa, ba hayaƙi ko kaɗan. Ina jiran ya ce ai na gaya maka, bai ce ba. Cewa ya yi, "Bakaniken ya tambaye ni wa yake yi mana juye, na ce ƙanena ne. Ya ce a ci gaba."

Bayan girbi na shekarar aka yi masa waya cewa idon mahaifinsa ya rufe gaba ɗaya, babu mai tsayawa a kan gona. Dama hannun ya sake tsagewa. Ya yi kwanaki yana juyayi, sannan wata Lahadi, bayan mun gama aiki ina goge hannu da tsumma, ya ce, "Ƙanena, zan koma gida."

Na san za a zo nan. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Sai maganar babur ta taso. Shi ya ce in riƙe, Bompai da nisa, ga yara, kuma ni na sha wahalarsa. Ni na ce ya tafi da shi, domin ya sha gaya mini daga ƙauyensu zuwa bakin kwalta tafiya ce mai tsawo a cikin rairayi, ga tsoho makaho da za a riƙa kaiwa asibiti. Muka yi ta turawa juna kamar yadda muka taɓa yi a kan sabis, sai dai wannan karon ba wanda ransa ya ɓaci.

Matata ce ta raba mu, daga bayan ƙofar zaure. Ta ce, "Kawu, ai ni ma ina da rabo a ciki, adashina yana jikinsa. Mu biyu ne, ku ɗaya. Mun ce ku tafi da shi. Nan gari ne, ko ba komai akwai motar haya. Ku kai Baba asibiti."

Malam ya juya wajen ƙofar zauren ya ce, "Allah ya saka muku da alheri. Allah ya raya muku zuri'a."

Kafin ya tafi muka kai babur Sharada sau ɗaya na ƙarshe, ni na ce a kai, don su duba shi ciki da waje kafin doguwar hanya. Na ɗauko masa gwangwanin sifanu na ɗaure a bayan kayansa. Ya ce me zai yi da su da wannan hannun, na ce hannun zai warke. Da safe ya yi sallama da mutanen gida ɗaki ɗaki, yarana suka riƙe masa riga suna kuka, na raka shi har bakin titi. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana, sannan na ɗaga hannu na tsayar da a-daidaita-sahu na tafi aiki.

Ɗakinsa bai daɗe ba aka ba wani. Ni kuma sai da na shekara biyu kafin na sayi nawa babur ɗin, na hannu, wanda har yau nake hawa. Da aka girbe gero a shekarar farko, wani direba ya sauke mana buhu a ƙofar gida ya ce daga Damagaram, haka kuma a shekarar da ta biyo. Na yi masa waya na ce ya daina, ya ce ba da ni yake ba, da mai adashi yake.

Muna waya jefi-jefi. Mahaifinsa ya rasu bara, bayan ya sha zirga-zirgar asibiti a bayan babur ɗin, ana ɗaure shi da rawani a jikin ɗansa don kada ya zame. Hannun Malam ya warke, sai tabo. Kwanakin baya ya kira ni da hantsi ina wurin aiki, na fita bayan kamfani inda ƙarar inji ba ta kai ba. Ya ce a yankinsu babu shagon dillali sai an je birni, saboda haka yanzu duk mai moto a ƙauyen ƙofar gidansa yake kawowa ran da ba kasuwa, a yi juye, a ɗaure cen, a sha shayi. In ciwon na cikin inji ne ya ce musu su nufi Damagaram. Sai dai sifanar da ake cire fulogi da ita ta tsage, ya nema a kasuwarsu bai sami mai ƙwari ba.

Ranar Asabar na je Ƙofar Ruwa. Dattijon nan mai shago yana nan, ya ƙara tsufa, da na kwatanta masa Malam ya gane shi nan take, ya ce dogon nan mai shinshina kaya. Ya zaɓo mini mai kyau, ya ƙi karɓar riba. Matata ta ƙulla yaji da kuka da ɗan turmin atamfa na 'yar Malam, muka haɗa a kwali ɗaya. Na kai tasha na damƙa wa direban da ke zuwa can, na rubuta masa sunan ƙauyen a jikin kwalin, na tsaya har na ga ya sa shi a gaban mota kusa da ƙafarsa.